Sauya wa Dabbar Feret Abinci Zuwa Ɗanyen Nama: Nazarin Hujjoji da Sharuɗɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata mas'ala da masu kiwon feret a Turai da Amurka suka daɗe suna saɓani a kanta da likitocin dabbobi, wato janye dabbar daga busasshen abincin masana'anta a mayar da ita kan ɗanyen nama. Abin da nazarin ya rinjayar shi ne, mafi yawan fa'idar da ake nema tana cikin cikar abincin, tsoka da ƙashi da kayan ciki bisa mizani, alhali mafi yawan haɗarin yana cikin ɗanyantakarsa, kuma sauyin ba ya yiwuwa sai da tadriji.

Halittar dabbar

Feret, wadda masana ke kira Mustela putorius furo, ƙaramar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, dangin bodari da dage da muka sani a dazuzzukanmu, namijinta yakan kai kilo 1 zuwa 2, macen kuwa ba ta cika wuce kilo 1 ba. An horar da ita tun fiye da shekara 2,000 domin farautar zomo, har marubutan Yunanawa da Rumawa, irin su Strabo da Pliny, sun ambaci yadda ake zura irinta cikin ramuka ta koro zomaye. A yau ta zama abokiyar zama a ɗaka, ko da yake jihohin Kalifoniya da Hawayi na Amurka sun haramta ajiye ta.

Duk wanda ya lura da cikin wannan dabba zai gane cewa Allah Ya halicce ta maciyiyar nama zalla: hanjinta gajere ne, ba ta da 'yar jakar nan ta mahaɗar ƙaramin hanji da babba wadda dabbobi masu cin tsiro ke dogara da ita, kuma abinci yakan ratsa cikinta ya fita a awa 3 zuwa 4 kacal. Saboda haka take bukatar furotin na dabba da bai gaza kashi 30 cikin 100 na abincinta ba, da kitse mai yawa, kuma take cin kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Busasshen abinci kuwa ba ya dunƙuluwa sai an cuɗa shi da sitaci, na masara ko alkama ko wake, kuma daga nan ne saɓanin ya samo asali.

Hujjar masu goyon baya

Babbar hujjarsu ita ce cutar insulinoma, wani ƙari da ke fitowa a gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, har sukarin jini ya faɗi, a ga dabbar ta yi zuru, miyau na zuba, ƙafafun baya suna ja, wani lokaci ta kai ga farfaɗiya. Cutar ta yawaita a Amurka, inda busasshen abinci ya zama ruwan dare, ta kuma yi ƙaranci a inda ake ciyarwa da gawar zomo da tsuntsu, sai suka yi istidlali da cewa sitaci ne ke gajiyar da gaɓar. Wannan ƙiyasi ne mai ma'ana, amma wajibi ne a ajiye shi a matsayinsa na zato mai ƙarfi wanda bai kai yaƙini ba, domin feret ɗin Amurka mafi yawansu daga gidajen kiwo ƙalilan suka fito, jininsu ya yi kusa da juna, ana kuma fiɗiye su tun suna 'yan makonni, kuma gado shi kaɗai yana iya zama illar da ake ɗora wa abinci. Hujjar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta ita ce ta tsakuwar mafitsara, wadda aka ga tana da alaƙa da furotin na tsiro, musamman a abincin da aka cire wa hatsi aka maye gurbinsa da wake.

Cikar abinci

A nan ne mai kiwo ya fi faɗawa cikin kuskure, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi tsinkaye. Dabbar dawa idan ta kama ɓera ba tsoka kaɗai take ci ba, har da ƙashi da hanta da zuciya da fata da gashi take haɗiyewa, kowane ɗaya da aikin da yake yi a jikinta. Tsoka tana da fosfaros mai yawa, kalsiyam ɗinta kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, alhali jiki yana bukatar kalsiyam ya ɗan rinjayi fosfaros. To idan aka dawwama a kan tsoka zalla, sai jiki ya shiga zaro kalsiyam daga ƙasusuwansa, su yi laushi, su lanƙwashe, ɗan feret ya kasa ɗaga jikinsa daga ƙasa, mai shi kuwa yana ganin ya ba shi mafificin abin da kuɗi ke saya. Abin takaici ne ƙauna ta zama sanadin nakasa saboda ƙarancin ilimi.

Don kauce wa haka masu wannan tafarki suka ɗauki ƙa'idar kashi 80 tsoka, 10 ƙashi, 10 kayan ciki, rabinsu hanta, wadda kimantawa ce ta siffar gawar ƙaramar dabba. Zuciya ba ta da makawa saboda sinadarin taurin. Hanta kuwa idan ta yi yawa bitamin A yakan taru ya zama dafi. Ƙashi sai ɗanye, kamar na wuyan kaza ko fiffikenta, domin dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Wasu ɗanyun kifaye suna lalata bitamin B1, farin ƙwai ɗanye idan ya yawaita yana hana jiki amfana da biyotin. Mafi sauƙin hanya ita ce ba da gawa sukutum, ɓeran kiwo ko salwa ko ɗan tsako, a riƙa sassauyawa, domin ɗan tsakon kwana ɗaya shi kaɗai bai wadatar ba.

Haɗarin ɗanyantaka

Jumhurin likitoci a wannan babi suka fi tsanantawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta sami ƙwayar Salmonella a 15, da Listeria a 32, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da matsaya tana gargaɗi a kan ciyar da karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama. Masu cewa gajeren hanjin feret yana kare ta sun manta da mutanen gida, domin dabbar tana iya zubar da ƙwayar a kashinta ita ba ta yi ciwo ba, ga ta kuma da ɗabi'ar jan nama ta ɓoye a ƙarƙashin kujera har ya ruɓe. Gidan da ke da jariri ko mai juna biyu ko tsoho ko majinyaci, barin wannan tafarki ya fi dacewa da shi.

Akwai kuma mura. Da feret ne masana Smith da Andrewes da Laidlaw suka fara keɓe ƙwayar murar ɗan Adam a Landan a 1933, saboda saurin kamuwarta, kuma tun da aka ga kyanwoyi sun mutu da murar tsuntsaye ta H5N1 a Foland a 2023, da wata a jihar Oregon a ƙarshen 2024 bayan cin ɗanyen abinci na naman talo-talo, ɗanyen naman tsuntsu ya zama abin taka-tsantsan. Daskarewa a firji ba ta kashe wannan ƙwaya, ba ta kuma kashe Salmonella. Dafawa ce ke kashe su. Wanda ya dafa tsokar har zafi ya ratsa ta, ya cike gurbin ƙashi da garin ƙashi gwargwadon awon likita, ya riƙe mafi yawan fa'idar.

Hanyar sauyi

Binciken Apfelbach a jami'ar Tübingen ta Jamus ya nuna cewa ɗan feret yana kafa sanin ƙamshin abincinsa a wajen wata na uku da haihuwa, kuma abin da bai sansana ba a lokacin da wuya ya ɗauke shi abinci bayan ya girma. Shi ya sa babba yakan sansana nama ya juya baya, ba don taurin kai ba. Ana farawa da markaɗa naman kaza da ruwa mai ɗumi ya zama kamar kunu, a shafa ɗan kaɗan a leɓensa ya lasa, a maimaita safe da yamma. Idan ya karɓa daga yatsa sai a koma cokali, sannan kwano, a riƙa rage ruwan ana saka 'yan yanka masu girman ƙwayar shinkafa, har a kai ga ƙundu da zuciya, daga baya ƙashi. Ƙarami yakan sauya cikin kwanaki, babba kuwa yana iya ɗaukar watanni.

Ba ya halatta a bar dabbar da yunwa don a tilasta mata, saboda sukarin jininta yana saurin faɗuwa, hantarta kuma tana saurin tara kitse. Tsohon abincin yana nan a gabanta har sai sabon ya kama. A auna nauyinta kowane mako, a duba kashinta, wanda zai ragu ya kuma sauya launi gwargwadon abin da ta ci. Wadda ta haura shekara 3 kuwa, a fara kai ta likita ya auna sukarin jininta kafin a taɓa kwanonta.