Daga ijaza zuwa linzamin kwamfuta

A Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837, a da ɗalibin ilimi ba ya zana jarrabawa. Gaban malami yake durƙusawa ya karanta littafi, ana yi masa gyara, har ya sauke. Sannan malam ya ba shi ijaza, yana jero malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. Mai gwadawa ya san yaron, ya san gidansu.

Boko ya kawo takarda da lambar ɗalibi. Bayan kafa hukumar jarrabawa ta JAMB a 1978, mu 'yan ƙauyen Rara mota muke hawa zuwa Sakkwato don zana jarrabawa, fensir a aljihu. A 2013 hukumar ta fara gwada kwamfuta, a 2015 ta ajiye fensir ɗungurungum.

Na yarda sakamako yana fitowa da wuri yanzu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron ƙauyenmu mai kaifin lissafi, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. A 2017 aka ƙaro jarrabawar gwaji, ita ma sai uba ya nemo kuɗin motar birni.