Bikin Bar Mitsba na Yahudawa: Wace Kyauta Ta Dace?

Bar Mitsba biki ne da Yahudawa ke yi wa ɗa namiji idan ya cika shekara 13. Ma'anar sunan ita ce "ɗan umarni". Na 'ya mace kuwa Bat Mitsba ne, ana yin sa tana shekara 12, wasu ɗarikoki 13. Daga ranar, nauyin kiyaye Shari'ar Musa ya sauka daga wuyan iyaye ya koma wuyan yaron. Akan kira shi gaba a majami'a ya karanta wani sashe na Attaura da Ibrananci. Masu zuwa ziyara Urushalima sukan tarar ana yin sa a Bangon Yamma ran Litinin da Alhamis.

Wasu sukan ce wannan bikin ne ya kai Yesu Haikali yana shekara 12. Luka 2:41-52 ya nuna Idin Ƙetarewa ne ya kai shi. Bikin da ake yi yau ya samu ne ɗaruruwan shekaru bayan haka.

A Sabon Birni da Isa mun san walimar saukar Alƙur'ani ta maƙwabtanmu. Yaro ya yi karatu gaban malamai, dangi su kawo gudummawa, kuma mai hankali ba ya kai abin da zai kunyata masu gida. Haka ma idan Bayahude abokin aiki ko na karatu, a Abuja ko ƙasar waje, ya gayyace ka.

Abin da ya dace

Kuɗi ne aka fi bayarwa, a ninkin 18: 18, 36, 54, har 180. A Ibrananci kowane harafi yana da lamba. Haruffa biyu na kalmar "hai", wato rai, su ne 8 da 10. Mai ba da 18 yana yi wa yaro fatan tsawon rai ke nan. Da naira, 18,000 ko 36,000 ya yi. Ana kuma ba da littafin tarihi, asusun tara sadaka, ƙoƙon azurfa na albarkar Asabbaci, ko alkukin kyandir ga yarinya.

Abin da za a guje wa

Kada ka kai gicciye ko Sabon Alkawari. Ranar ta yaron ce da iyalinsa, za su ɗauke shi cin fuska. Abinci ma a bar shi, domin suna da dokoki masu tsauri a kansa. Mayafin addu'a da layun da Matiyu 23:5 ya ambata, iyaye ko kakanni ne suka saba saye.

Lokacin bayarwa

Sau da yawa bikin ran Asabar ne, masu kiyaye Asabbaci kuwa ba sa taɓa kuɗi daga faɗuwar rana ta Juma'a har daren Asabar. Aika kyautarka gida kafin ranar ko bayanta. A jikin ambulan ka rubuta "Mazal tob", wato barka da arziki.