Wata Ɗaya Ne a Sama, Sallah Biyu a Ƙasa

Jama'a masu saurare, akwai shekarun da mutanen Birnin Ƙonni ke hawa idi alhali 'yan uwansu na Illela na riƙe da azumi. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaura kayan Sallah ya ƙetara iyaka, ya tarar kasuwa ta watse tun jiya, ya san zafin wannan kwana ɗaya. To, a shirinmu na wannan mako mun bi tarihin abin.

Mu fara da watan kansa. Ba ya girma, ba ya ramewa. Dunƙule ne, kuma kullum rabinsa na shan hasken rana. Da dare ka sa a haska ƙwarya da tocila daga gefe guda, kai kuma ka zagaya ta. Wani wuri za ka ga duk farin, wani wuri rabi, wani wuri ɗan siriri. Haka yake, sai dai shi watan ne ke zagaya mu. Idan ya shiga tsakaninmu da rana, gefen duhu ne ke fuskantarmu, sai ya ɓace. Idan ya koma ɗaya ɓangaren, sai daren sha huɗu. Daga ɓacewa zuwa ɓacewa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30. Kai makiyayi ka riga ka lura cewa fitowarsa na jinkiri kowane dare. Jinkirin nan kusan minti 50 ne.

Ɗan Adam ya daɗe yana bin wannan sawu. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, suna fara watansu ne da ganin jinjiri bayan faɗuwar rana, suna rubuta abin da suka gani a allunan laka. A ƙasar Girka, sama da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Anaksagoras ya ce hasken wata na rana ne.

A wajen shekara ta 638, Halifa Umar (RA) ya tsayar da kalandar Hijira, aka fara ƙirga daga shekarar ƙaura zuwa Madina, wato 622. Shekarar nan kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Ka ga dalilin da azumi ke yawo daga bazara zuwa hunturu zuwa damina, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33.

Tun da ibada ta rataya kan jinjiri, malamai suka duƙufa. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, Alkawarizmi ya tsara jadawalin da ke nuna daren da za a iya ganinsa. Ibn al-Haisam kuwa, wanda aka haifa a Basra a 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala kan hasken wata. Ya nuna cewa wata ba madubi ba ne: duk inda rana ta taɓa a jikinsa, hasken na bazuwa ko'ina.

Abin da suka gano yana nan daram. Jinjirin da bai kai awa 15 ba, da wuya ido ya kama shi. Mutanen yamma sun fi na gabas sa'ar gani, don ranarsu na faɗuwa daga baya, watan ya ƙara nisa da ita. Hazo da hadari kuma na iya rufe shi.

Amma fa Ƙonni da Illela sama ɗaya suke kallo. Bambancin daga ƙasa yake: a Najeriya Sarkin Musulmi ne ke sanarwa daga Sakkwato, a Nijar kuwa sanarwa daga Yamai take fitowa, kowa da shaidun da ya karɓa.

Saboda haka, ɗan kasuwa, in wata ya kai 29, ka kasa kunne ga sanarwar ƙasashen biyu kafin ka ɗaura kaya. Makiyayi kuma, in za ka kora garke da dare, daga 10 ga wata zuwa 16 ne farin wata zai raka ka mafi yawan daren. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.