Yadda Aka Auna Amfanin Amoksisilin ga Yara Masu Tamowa

A gidajen likita na Kurni da kewayen Matamaye a Nijar, uwar da ta kawo yaro mai tamowa takan koma gida da abu biyu: ƙunshin Plumpy'Nut, da amoksisilin na kwana 7. Kowa ya san labarin na farkon. André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa ne suka haɗa shi a 1996, ya kuma yi suna a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, yawanci ba tare da an kwantar da su ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince a riƙa jinyar irin waɗannan yara a gida.

Amoksisilin kuwa gadonsa aka yi daga asibiti, inda ake ba kowane yaro mai tamowa maganin ƙwayoyin cuta don jikinsa ba ya nuna zazzaɓi ko da cuta na cinsa. Shekaru aka yi ana rabawa, ba a auna ba ko yaron da ke cin abinci da kyau a gida yana buƙatarsa.

An fara aunawa a Malawi. A 2013 Indi Trehan da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwaji kan yara 2,767, waɗanda aka raba ta hanyar ƙuri'a: wasu suka sha magani, wasu suka sha abin da ya yi kama da shi amma ba komai a ciki. Mutuwa ta fi yawa a rukunin da bai samu magani ba.

Sai Madarumfa, a jihar Maraɗi. Daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013, Sheila Isanaka da cibiyar Epicentre suka yi irin wannan gwaji kan yara kusan 2,400. Masu warkewa: kashi 65.9 cikin ɗari da amoksisilin, 62.7 ba tare da shi ba, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Sai dai maganin ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti, daga kashi 30.7 zuwa 26.4.

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Yaran Malawi yawancinsu masu kumburi ne, kuma ƙanjamau ya yawaita a can. Namu ramewa suke yi. Ban da haka, yaran Madarumfa ana duba su kowane mako, wanda jikinsa ya rikice a kai shi asibiti nan take, kyauta. Wannan gata ba kowane ƙauye ke da shi ba, musamman da damina idan hanya ta yanke kuma zazzaɓin cizon sauro ya taso.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawararta ta a riƙa ba irin waɗannan yara maganin ƙwayoyin cuta ba. A ganina, muddin uwa a Kurni ba ta da tabbacin isa asibitin Matamaye cikin yini ɗaya, a ci gaba da ba da amoksisilin.