Daga wata huɗu zuwa kwana 40: yadda aka fara tsere a hanyar Apalachiya

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ta ratsa jihohi 14, tun daga dutsen Springer da ke Jojiya a kudu har zuwa dutsen Katahdin na jihar Maine a can arewa. Ana kiranta hanyar Apalachiya, sunan jerin tsaunukan da take bi. Tsawonta ya kai kilomita 3,500, kamar a ce mutum ya taka daga Kano zuwa Legas sau uku da ɗoriya, sai dai ita turba ce ta cikin kurmi, hawa da gangara, duwatsu da saiwoyi da taɓo. Masu niyyar gama ta a tafiya ɗaya sukan yi wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin mutum huɗu da kyar ɗaya ke kaiwa ƙarshe. A 2024 wata mata mai suna Tara Dower ta gama ta cikin kwana 40 da awa 18.

Waɗanda suka share hanyar ba su yi ta don tsere ba. Benton MacKaye, masanin gandun daji, shi ya kawo shawarar a 1921, burinsa ma'aikatan da hayaniyar birane da masana'antu ta gajiyar su samu inda za su huta su shaƙi iska. 'Yan sa-kai ne suka yi ta sara da sassabe, wani lauya mai suna Myron Avery yana jan ragama, har aka haɗe ta a 1937. A lokacin ba a ma zaci akwai wanda zai iya bin ta daga farko har ƙarshe ba tare da ya koma gida ba.

Sai ga Earl Shaffer a 1948. Tsohon soja ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da nauyi a zuciya, ya ɗauki jaka ya shiga daji don tafiya ta rage masa raɗaɗi. Ya yi kimanin wata huɗu. Da labari ya iske ƙungiyar da ke kula da hanyar, shakka suka fara yi, sai da ya kawo hotuna da littafin da yake rubuta tafiyarsa kullum, ya amsa tambayoyi, sannan aka gaskata shi. Tun daga ranar matsalar shaida ta biyo wannan harka, kuma har yau ba ta rabu da ita ba. Bayan shekara bakwai Emma Gatewood, tsohuwa mai shekara 67 mai 'ya'ya 11, ta bi hanyar ita kaɗai da takalmin kambas da ɗan buhu a kafaɗa. Ba sauri ta je yi ba, amma ta karya tunanin cewa sai ƙaƙƙarfan namiji.

Batun ƙirga kwanaki ya soma ƙarfi a 1973, lokacin da wani matashi, Warren Doyle, ya gama cikin kwana 66. A 1990 Ward Leonard ya yi kwana 60 da rabi, kayansa a bayansa, babu mai biye da shi.

Shekarar 1991 ce ta fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan. Mutum biyu suka shiga hanyar kusan lokaci guda, kowa da dabararsa. David Horton, malamin jami'a kuma gwanin gudun dogon zango, yakan yi gudu da rana ya samu barci da dare. Scott Grierson kuwa ba ya gudu sam, tafiya kawai yake yi tun duhun asuba har dare ya raba. Horton ya gama a kwana 52, Grierson a kwana 55. Ɗan gudu ya ci, amma tazarar kwana uku kacal a tafiyar kilomita dubu uku da ɗoriya ta nuna wa masu lura cewa ba saurin ƙafa ne ke yanke hukunci a nan ba. Yawan awannin da mutum zai iya jurewa a tsaye, yau da gobe da jibi, shi ne magana. Daga nan Pete Palmer ya sauko da lokacin zuwa kwana 48 a 1999, Andrew Thompson ya mai da shi 47 a 2005.

Abin lura, wannan tsere ba shi da alƙali, ba shi da kofi, ba shi da ranar farawa. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ma ba ta rubuta sunan wanda ya fi sauri, domin a ganinta ba don haka aka yi hanyar ba. Masu abin ne suka tsara wa kansu ƙa'ida, musamman wasu 'yan gudu biyu na jihar Kolorado, Buzz Burrell da Peter Bakwin, waɗanda suka yaɗa kiran abin da "lokaci mafi sauri da aka sani". Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka sanar da niyyarka kafin ka tashi, ka bar ƙofa a buɗe ga mai son zuwa ya gani, in ka gama ka ba da labari dalla-dalla. Yanzu an ƙara da na'urar GPS da ke nuna inda mutum yake. An kuma raba aji: akwai mai tawaga da ke tarar sa da mota a mahaɗar hanyoyi da abinci da wurin kwana, akwai kuma wanda ke ɗauke da kayansa, ya ratse ƙauye ya yi sayayya ko ya karɓi ƙunshin da ya aika wa kansa ta gidan waya. Duk da na'ura, rabin lamarin amana ce, don babu mai ganin mutum ƙarfe ukun dare a tsakiyar kurmi.

A 2011 Jennifer Pharr Davis ta tabbatar da abin da Grierson ya nuna. Ba 'yar gudu ba ce, matafiya ce. Takan tashi kafin asuba ta yi kusan awa 16 tana tafiya, kimanin kilomita 75 a rana, mijinta Brew yana tarar ta da abinci. Ciwon ƙwauri da ciwon ciki sun kusa sa ta haƙura tun a jihohin arewa, ta daure. Ta gama cikin kwana 46 da awa 11 da minti 20, ta wuce duk mazan da suka gabace ta. Shekara huɗu aka yi kafin a karɓe kambun, kuma wanda ya karɓa, Scott Jurek, yana cikin manyan 'yan gudun dogon zango na duniya, ya ci gasar Western States mai mil 100 sau bakwai a jere. Duk da haka, da awa uku kawai ya wuce ta.

Nasarar Jurek a 2015 ta zo da rigima. A ƙolin Katahdin ya buɗe kwalbar shampen cikin taron masoya da masu kyamara, hukumar gandun Baxter, wanda dutsen ke cikinsa, ta kai ƙararsa kan shan barasa da zubar da shara da tara mutane fiye da ƙa'ida. A ƙarshe ya biya tarar dala 500 kan barasar, aka janye sauran. Ni dai ina ganin hukumar tana da hujja. Percival Baxter, tsohon gwamnan Maine, ya sayi wannan daji da kuɗinsa ya ba jama'a bisa sharaɗin a bar shi yadda Allah ya yi shi, kuma baƙo ba ya sauya wa mai gida ƙa'ida don ya zo da kamfanoni a bayansa.

Bayan Jurek, lokacin ya yi ta sauka. Karl Meltzer ya yi kwana 45 da awa 22 a 2016, Jurek ɗin da kansa yana cikin masu taimaka masa ya karya tarihin da shi Jurek ya kafa. A 2017 Joe McConaughy ya wuce shi da kusan awa goma, shi kaɗai babu tawaga. A 2018 Karel Sabbe, likitan haƙori daga Beljiyam, ya zabge kwana huɗu a tashi ɗaya, ya gama a kwana 41 da awa 7 da minti 39, har aka ɗauka an kai maƙura.

Shekara shida wannan lokaci ya yi babu wanda ya taɓa shi, sai Tara Dower ta taso daga Katahdin ta nufi kudu, mahaifiyarta na cikin tawagar da ke ciyar da ita. Duwatsun Maine da New Hampshire da ruwan sama sun sa ta faɗo baya sosai a kwanakin farko, ta yi ta rage barci tana ƙara zango har ta cike giɓin. Kusan kilomita 87 take ci kowace rana. Ta isa Springer a watan Satumba na 2024, ta riga lokacin Sabbe da kimanin awa 13, ta zama mace ta biyu da ta riƙe kambun wannan hanya a kan maza da mata baki ɗaya.