Masanin Ƙananan Halittu a Matakin Farko

Masanin ƙananan halittu a matakin farko ma'aikaci ne sabon shiga ɗakin gwaje-gwaje, mai binciken ƙwayoyin da ido ba ya gani, a ƙarƙashin kulawar na gaba da shi. A Najeriya digirin wannan fanni shekara 4 ne. Gwajin marasa lafiya a asibiti kuwa sai da digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti na shekara 5, da horon shekara guda, da lasisin hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa.

A Haɗeja, idan yana da wannan lasisi, yanayin fadama ne ke tsara masa aiki. Masunta, manoman shinkafa da yara masu wanka a kogi sukan kamu da tsargiya, don haka yakan karɓi fitsari wajen tsakar rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke kawo cutar ya fi fita, ya duba da madubin likita. Bayan ambaliya kuma gwajin bayan gida saboda kwalara yakan ƙaru. Yana rainon ƙwayoyi a zafin digiri 37, yana duba jini da majina, yana kashe ƙwayoyin jikin kayan aiki. Rubuta suna daidai a kan kwalba ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskure ɗaya na iya sa a ba mutum maganin wani.