Nazari a Kan Lalacewa da Sauya Robar Bakin Na'urar Zuƙe Ruwan Gilashin Taga

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi robar da ke bakin na'urar hannu mai zuƙe ruwa daga gilashin taga, ta fuskar ƙirarta da sinadaranta da dalilan lalacewarta. Matsayar maƙalar ita ce, ingancin aikin na'urar ya rataya a kan kaifin wannan roba, duk da cewa tana cikin sassanta mafi araha.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1936 Ettore Steccone, ɗan Italiya mazaunin Oakland a Amurka, ya fito da magogin gilashi mai roba guda. Kamfanin Kärcher na Jamus, wanda Alfred Kärcher ya kafa a 1935, shi ya haɗa wannan dabara da fanka mai batir da tankin tara ruwa a 2008. Aikin fankar shi ne jan iska da ruwa kawai. Ɗauke ruwan daga jikin gilashi aikin roba ne.

2.0 Ƙira da Sinadari

Galibin waɗannan na'urori na Kärcher roba biyu ne a bakinsu, iska da ruwa suna wucewa ta tsakaninsu zuwa tanki. Babban baki faɗinsa milimita 280 ne, ƙaramin kuma 170, don tagogi masu ƙananan gilasai. Dole kaifin ya kwanta a kan gilashin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, domin tsaga ko da ba ta kai a gani da ido ba tana barin layin ruwa, ya bushe ya zama tabo.

Tun da Charles Goodyear ya gano dafa roba da farar wuta a 1839, aka samu robar da ba ta narkewa da zafi, ba ta sandarewa da sanyi. Sai dai robar itace tana da rauni guda: iskar ozon tana tsinka mahaɗan ƙwayoyin kabon da ke cikinta, musamman idan tana a miƙe, sai tsage-tsage su bayyana. Hasken rana ma yana busar da ita. Robar EPDM da ta silikon sun fi jure waɗannan, kuma Kärcher silikon ya sa a samfurinsa na WV 6. Amma silikon bai kai robar itace jure gurza da yagewa ba, abin da masu saye ba su cika lura da shi ba.

3.0 Tasirin Ƙura

Wannan batu ya shafi yankinmu kai tsaye. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin ma'adinin kwaz. Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, gilashin taga kuwa wajen 5.5. Duk wanda ya ja roba a kan gilashi mai ƙura bai jiƙa shi sosai ba, yana cinye kaifin, yana kuma iya karce gilashin kansa. Daidai shi ne a fesa ruwan sabulu, a goge datti da tsumma, sannan a zuƙe.

4.0 Juyawa da Sauyawa

A galibin samfura, ana zare robar ta gefe ba tare da wani kayan aiki ba. Idan kaifi ɗaya ya cinye, a juya ta a yi aiki da ɗayan. Idan duka biyun sun cinye, sai a sa sabuwa mai faɗi daidai da bakin. Abin takaici ne a yar da na'ura mai lafiyayyen batir da fanka saboda tabon da roba ta jawo, sharar kayan lantarki ta ƙaru a banza.

Don haka muna kira ga dillalan da ke shigo da waɗannan na'urori da su riƙa haɗo su da robar canji. Mai saye kuma ya tambayi inda zai sami robar kafin ya biya kuɗi.